Tarihin Sunayen Titunan Sabon Garin Kano



Gabatarwa

Kwanakin baya wata bukata ta kai ni Sabon Gari. An rubuta mini adireshin wurin a takarda: lamba kaza, Abuja Road. Na tsai da mai adaidaita-sahu na karanta masa. Ya dube ni ya ce, "Malam, Abuja kuma? Ai sai dai in kai ka tasha." Wani dattijo da ke zaune a ciki ya yi murmushi ya ce masa, "Yaro, France Road yake nufi." Nan take ya ce in shigo. Da muka kama hanya sai na tambayi dattijon ko ya san asalin sunan. Ya ce ai wannan a fili yake, sunan ƙasar Faransa ne, wataƙila Faransawa ne suka fara zama a wurin.

Tun daga ranar abin yake yi mini kai-kawo a zuci. Ga titi guda da suna biyu. Sabon sunan yana kan takarda, amma wanda ke bin titin kullum bai san shi ba. Tsohon sunan yana bakin kowa, amma dattijon da ya girma yana jin sa bai san wanda aka yi wa takwara ba. Abin da nake son in nuna a wannan lacca shi ne, sunayen titunan Sabon Gari kundi ne na tarihin mutanen da suka zauna a unguwar, da na waɗanda suka mallake ta, kuma kundin yana salwanta ta hanya biyu: ta mantuwa da ta canjin suna barkatai. Ɗalibai ne ke iya maganin ta farko. Ta biyu kuwa tana hannun ma'aikatan hukuma, shi ya sa na yi murna da ganinsu a nan.

Yadda Bahaushe ke raɗa wa wuri suna

Kafin mu fita Waje, ya kamata mu fara leƙa cikin ganuwa, domin sai an san al'adar gida ake gane abin da ya zo baƙo. A birnin Kano na dauri unguwa ake raɗa wa suna. Hanya kuwa, in ba babba ba ce wadda ta nufi ƙofa ko kasuwa ko fada, lungu ce kawai ko kwararo, kuma da gidan wani sananne ake kwatanta ta. In za ka aiki yaro, sai ka faɗa masa unguwa, sa'an nan ka ce ya tambayi gidan wane. Mutane ne adireshi.

Sunayen unguwannin nan suna da ƙira irin ta Hausa. Wasu sun ɗauki sunan wani abu da ke wurin, kamar Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu da Jakara. Wasu sun ɗauki sana'a ko matsayi, kamar Dukawa da Soron Ɗinki da Sharifai. Wasu kuwa, kuma su ne suka fi shafar maganarmu, sun ɗauki sunan baƙin da suka sauka a wurin: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, da Ayagi inda Yarabawa suka zauna tun kafin zuwan Nasara. Dandalin Turawa ma ba Turawan Ingila aka nufa ba. Larabawan Arewacin Afirka ne, fatake, waɗanda Kanawa ke kira Turawa a wancan zamani.

Abu biyu za mu riƙe daga nan. Na farko, Kano ta saba da baƙi tun da daɗewa, kuma a cikin ganuwa take saukar da su, ta bar musu sunansu a kan unguwa har jikokinsu su zama Kanawa. Na biyu, babu wanda ya zauna a ofis ya zaɓi waɗannan sunaye. Bakin jama'a ne ya raɗa su, yawan faɗa ya tabbatar da su. Ita kanta kalmar "titi" baƙuwa ce, masana harshe suna ganin daga Turanci ta samo asali ta biyo ta bakin Yarabawa, haka "layi" daga Turanci take. Watau abin da sunansa tare suka sauka.

Kafuwar Sabon Gari

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka naɗa Sarki Abbas, suka kafa barikinsu a gabashin birni, wajen Nasarawa da Bompai. Mulki irin nasu yana bukatar akawu da tafinta da masinja da mai buga waya, a lokacin kuwa masu ilmin boko daga bakin teku suke, watau Ikko da Abeokuta da Saliyo da ƙasar da ake kira Gold Coast. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, a shekarar kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanoni suka kafa kantuna, ma'aikatan reluwe da leburori da tsofaffin sojoji da 'yan tireda suka yi ta kwarara.

Ina za a saukar da su? Turawa ba su so su shiga birni, domin sun yi alkawarin ba za su taɓa addini ba, suna kuma tsoron abin da cuɗanya da masu ilmin boko da 'yan mishan za ta jawo wa tsarin mulkinsu na bi ta hannun sarakuna. Ba su kuma so su zauna kusa da su a bariki, bisa hujjar kiwon lafiya, har doka ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440, babu gini, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Saboda haka wajen 1913 aka yanka musu wuri a arewa maso gabashin birni, bayan Fagge, aka kira shi Sabon Gari. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa Kano ta Waje a aji na biyu, ƙarƙashin Joji, ba ƙarƙashin Sarki ba.

Safiyo ne ya fara taka Sabon Gari kafin mazauna. Ya ja layuka miƙaƙƙu suna gicciye juna, ya yanka fuloti kai ɗaya, ya ba kowane lamba. Unguwar da aka zana a takarda dole hanyoyinta su sami suna, domin mai karɓar haraji da duba-gari da ɗan sanda da ma'aikacin gidan waya duk baƙi ne, ba su san gidan wane ba. Ga asalin sunan titi a ƙasarmu: kayan aikin hukuma ne. Amma da mutane suka shiga suka zauna, sai suka mai da shi nasu.

Rukunonin sunayen

In mutum ya bi Sabon Gari a ƙafa yana karanta alluna, zai iya kasa sunayen kashi biyar.

Kashi na farko sunayen garuruwa da ƙabilu ne: Abeokuta Road, Ijebu Road, Warri Road, Onitsha Road, Aba Road, Enugu Road, Yoruba Road, Ibo Road, Freetown, Gold Coast, Zungeru Road. Wannan jeri taswira ce ta inda mutanen suka fito. Kada dai a ɗauka kowane titi 'yan garin da yake ɗauke da sunansa kaɗai ne a cikinsa, domin haya ba ta tambayar asali, kuma tun farko akwai Hausawa da Nufawa masu yawa a unguwar. A shekarun farko Yarabawa ne suka fi yawa cikin mutanen Kudu. Ibo sun rinjaya daga baya, bayan da hanyar jirgin ƙasa ta Gabas ta haɗu da ta Arewa, musamman da aka gama gadar Makurɗi a 1932. Enugu kanta ba ta zama gari ba sai bayan da aka gano kwal a wurin a 1909, saboda haka sunanta a kan titin Kano shaida ce ta sabuwar Nijeriya da jirgin ƙasa ya ɗinka. Zungeru kuwa ita ce hedkwatar Arewa daga 1902 har aka koma Kaduna. Yau ƙaramin gari ce, amma titin yana tuna mana lokacin da daga can umarni ke zuwa Kano.

Ku dubi Gold Coast. Ƙasar ta sami 'yanci ran 6 ga Maris 1957, ta ajiye wannan suna ta ɗauki Gana. A can sunan ya koma littattafan tarihi. A Kano kuwa har gobe ana cewa "kai ni Gold Coast," a kai ka. Titi ya riƙe sunan da ƙasa ta yar.

Kashi na biyu sunayen abin da ke wurin ne, ko matsayin titin kansa: Church Road, Court Road, Middle Road, New Road. Waɗannan su ne suka fi kusa da al'adarmu ta cikin birni, domin kwatance ne kawai, kamar a ce Rijiya Biyu. New Road ta daɗe da tsufa amma tana nan sabuwa a baki, kamar yadda Sabon Garin kansa ya haura shekara 100 bai daina zama sabo ba.

Kashi na uku sunayen Turawa ne, irin su Festing da Aitken da Weatherhead. Manjo Festing ya riƙe muƙamin Razdan na Kano a zamanin Sarki Abbas. Abin lura a nan shi ne, Kanawa suna da tasu hanyar tuna Bature, watau laƙabi. Razdan na farko, Dokta Cargill, Mai Gunduma suka kira shi, domin a zamaninsa aka karkasa ƙasar Kano gunduma-gunduma aka tura hakimai su zauna a can. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909, Ɗan Hausa ya zama, gidansa kuma har yau Gidan Ɗan Hausa ake ce masa. Laƙabi yana faɗin abin da mutum ya yi. Sunan titi kuwa sai ka bincika kafin ya yi magana.

Kashi na huɗu suna ɗaya ne tak, Burma Road. Babu wata hulɗa tsakanin Kano da ƙasar Bama in ban da Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka kwashi dubban samarinmu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka yaƙi Japanawa a dazuzzukan Arakan daga ƙarshen 1943 zuwa 1945. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi suna nan a kan barikokin soja: Arakan da Myohaung a Legas, Kalapanzin a Kaduna, da babban barikin Burma a Ankara ta Gana. Da yawa daga cikinmu a nan muna da kaka ko kawun uba da aka ce ya je Bama. Wasu ba su dawo ba, ba mu kuma san kabarinsu ba. Allon wannan titi yana cikin 'yan abubuwan da suka rage masu ambaton tafiyar tasu.

France da Barlatt-Hughes

Kashi na biyar shi ne na shugabannin unguwar kansu, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan amsar tambayar da na yi wa dattijon nan take.

Jama'ar da ta haɗa Bayarabe da Ibo da Basaliye da Banufe da Bahaushe, Kirista da Musulmi, ba ta shiga ƙarƙashin alkalin birni kai tsaye, ba ta kuma da sarkin gargajiya guda. Saboda haka a farkon shekarun 1930 aka kafa mata kotun haɗaka, inda wakilan manyan ƙabilu ke zama tare, aka kuma ƙirƙiro muƙamin Sarkin Sabon Gari, wanda ke shugabantar kotun, yana taimakawa wajen tara haraji. Wanda ya fara riƙe muƙamin wani tsohon akawu ne, baƙar fata daga ƙasashen bakin teku, mai suna G. E. Eben France. Irin wannan suna ba abin mamaki ba ne a wancan yanki, inda iyalai da yawa ke ɗauke da sunayen Turawa tun ƙarnukan baya. Shi aka yi wa takwara da France Road. Babu ruwan ƙasar Faransa a ciki.

Wanda ya gaje shi mutumin Saliyo ne, T. P. Barlatt-Hughes. Shi ma yana da titi, sai dai baki ya lanƙwasa sunan har allo ya bi baki, yanzu Ballat Hughes ake rubutawa. Ga ɗalibin harshe wannan abin sha'awa ne: harafin da ya yi wa harshe nauyi ya narke cikin na kusa da shi, kamar yadda muke cewa "sarkin Makka" a rubuce amma "sarkim Makka" a baki. Ga ɗalibin tarihi kuwa gargaɗi ne, domin wanda ya shiga gidan adana takardu yana neman Ballat ba zai same shi ba.

Me ya sa aka ɗora waɗanda ba 'yan Nijeriya ba a kan unguwar? A ganina, domin ba su cikin manyan ƙabilun da ke gasa, kowa yana iya yarda da hukuncinsu. Wannan dabara ce ta zaman tare da ta cancanci nazari. A 1940 aka mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e ta Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta shiga cikin ƙasar Waje. Akwai kuma titunan da ke ɗauke da sunayen manyan Yarabawa, kamar Sanyaolu, ɗaya daga cikin shugabanninsu a Kano, da Odutola, gidan attajiran Ijebu. Waɗannan sunaye suna nuna lokacin da mazauna suka daina kallon garuruwan da suka baro kaɗai, suka fara girmama waɗanda suka yi suna a nan. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Haka Turawa suka ɗauki mutanen Sabon Gari, masu wucewa. Amma ranar da unguwa ta sa sunan mazauninta a kan titi, ta sanar da cewa raɓar ta yi saiwa.

Sunaye a lokacin fitina

Ba zan yi wa tarihi kwaskwarima ba. Titunan nan sun ga alheri, sun kuma ga jini.

Ta fuskar alheri, da yake ikon fada bai yi ƙarfi a unguwar ba, ta zama mafakar masu sabon ra'ayi. A can ake buga jaridar Comet bayan da ta dawo Kano. A can kuma, a gidan Bello Ijumu, mutum takwas suka haɗu ran 8 ga Agusta 1950 suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu har da Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Jam'iyyar talakawan Hausa a unguwar baƙi aka yanke mata cibiya. Kaɗan ne daga cikin masu wucewa ta wurin suka san haka.

Ta ɗaya fuskar, a watan Mayu na 1953, bayan saɓanin da ya biyo ƙudurin neman mulkin kai a majalisar Ikko, rikici ya ɓarke tsakanin Sabon Gari da maƙwabtanta, aka yi kwana huɗu ana yi, hukuma ta ƙidaya mutum 36 da suka mutu. Na 1966 ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Aka kashe mutane masu yawa, waɗanda suka tsira daga cikin mutanen Gabas suka bar gidajensu suka tafi, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970.

Abin da nake son ku lura da shi shi ne, Enugu Road da Aba Road da Onitsha Road sun ƙetare wannan zamani da sunayensu. Garuruwan da suke ambata sun zama fagen daga, amma a Kano titunan suka ci gaba da amsa sunan. Da yaƙi ya ƙare, masu gidaje da yawa suka dawo suka karɓi gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da aka tara musu. Ku ƙiyasta zuciyar mutumin da ya sauka a tashar jirgi bayan shekara uku ko huɗu, ya ambaci sunan titinsa, aka kai shi ba tare da tambaya ba. Sunan ya gaya masa cewa gurbinsa yana nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata mu fi kowa gane shi, domin mu ma baƙi ne a wani wuri. A Ibadan akwai Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916. A Ankara akwai Sabon Zango. Yadda za mu ji in an wayi gari an kankare waɗannan sunaye, haka wasu za su ji in an kankare nasu a nan.

Sunan da ya kama da wanda bai kama ba

Bayan samun mulkin kai aka shiga canza sunayen tituna a ko'ina cikin ƙasar nan, kuma akwai hujja mai ƙarfi a kan haka: ƙasa mai 'yanci tana da ikon girmama nata. Sai dai sakamakon ya bambanta, kuma bambancin yana da darasi.

Babban titin da ya bi ta gaban kasuwar Sabon Gari yana ɗauke da sunan Janar Murtala Muhammed, wanda aka kashe ran 13 ga Fabrairu 1976. Wani babban titi a Waje yana ɗauke da sunan Kanar Ibrahim Taiwo, Gwamnan Kwara, wanda aka kashe a juyin mulkin nan da bai yi nasara ba. Waɗannan sunaye sun kama, babu mai neman a fassara masa su. Dalili kuwa, jama'a na cikin juyayi sa'ad da aka raɗa su, hukuma ta faɗi abin da ke zuciyar mutane ne kawai.

Kasuwar kanta kuwa, a takarda sunan Muhammadu Abubakar Rimi take ɗauke da shi, Gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, mutumin da Kanawa ba su manta da shi ba. Duk da haka Kasuwar Sabon Gari kowa ke cewa. Church Road ta zama Awolowo Avenue, France Road ta zama Abuja Road, amma baki yana nan a kan tsofaffin. Wannan ba ƙiyayya ba ce ga waɗanda aka girmama. Sunan da ya riga ya zauna, wanda aka rubuta a kan wasiƙu da rasiɗai da katin ɗaurin aure shekara da shekaru, ba ya tashi don an kafa sabon allo. A gefe guda kuma jama'a ba ta fasa raɗa nata ba. Mahaɗar da ake kira Bata daga kantin takalma ta sami suna, 'Yan Kura kuwa ƙirar Hausa ce tsantsa, irin ta cikin birni. Babu wanda ya yi bikin buɗe su, ga su kuwa sun fi alluna ƙarfi.

A al'adarmu suna ba abin wasa ba ne. Sai an tara jama'a, an yanka rago, an yi addu'a, an sanar. Muna kuma cewa suna linzami ne. Titin da aka ɗaura wa linzami biyu, wanne za a ja? Wannan tambaya ba ta masana kaɗai ba ce. Takardar fuloti tana ɗauke da suna ɗaya, takardar haraji tana ɗauke da wani, magada su je gaban alkali da takardu biyu a kan gida guda. Mai kiran motar kashe gobara ya faɗi sunan da ya sani, wanda ya ɗauki waya yana duban taswira mai wani suna dabam. Ma'aikatan da ke nan sun fi ni sanin irin wahalar da wannan ke jawowa.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Abuja ba ta bukatar titi a Sabon Gari kafin a san ta. Eben France kuwa titin nan ne kaɗai abin da ke ambatonsa a bainar jama'a. In wanda ya ba da shawarar canjin ya zaci sunan wata ƙasar Turai yake cirewa, to, sunan baƙar fata ɗan'uwansa ya cire, wanda ya yi shekaru yana sasanta mutanen Kano. Ko sunayen Turawan ma, ina ganin a yi hattara. Barin sunan Festing a kan allo ba yabo ba ne gare shi. Shaida ce cewa an taɓa mallakarmu, kuma al'ummar da ta share shaidar ciwonta ba ta warke ba, mantawa kawai ta yi.

Kammalawa

Zan rufe da shawarwari, domin laccar da ba ta bar wa mai sauraro aiki ba hira ce.

Ga ma'aikatan hukuma: na farko, a buɗe rajista guda ta sunayen tituna, a rubuta kowane suna da dalilinsa da shekarar da aka raɗa shi da sunan da ya gabace shi. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje na ga ƙananan hukumomi suna ajiye irin wannan littafi, kowa yana iya zuwa ya duba, kuma bai fi ƙarfin akawu ɗaya mai himma ba. Na biyu, in ana son girmama wani, a ba shi sabon titi. Kano tana faɗaɗa kullum, sababbin unguwanni cike suke da layukan da sai da kwatance ake gane su. Na uku, in canji ya zama dole, a tuntuɓi mazauna tukuna, a kuma bar tsohon sunan a rubuce a ƙarƙashin sabon. Na huɗu, a waiwayi waɗanda aka tsallake. Cikin duk sunayen da na lissafa muku yau babu na mace ko ɗaya, alhali kuwa mata suna cikin waɗanda suka riƙe kasuwar nan, su ne ungozomomi da malaman makaranta. A kuma ba ƙirar Hausa haƙƙinta, domin sunan da ya dace da harshe shi ya fi saurin kamawa.

Ga ɗalibai kuwa: kowannenku yana kwana a wani layi. Ku tambayi sunansa, ku tambayi wanda ya raɗa shi, ku nemi mafi tsufa a unguwar ku zauna da shi, ku rubuta abin da ya faɗa, sa'an nan ku gwada shi da takardun da ke gidajen adana tarihi na Kano da Kaduna. Dattijon da na haɗu da shi a mota ya riƙe rabin labari, takarda ta riƙe ɗaya rabin. Aikinku ne ku haɗa su tun masu riƙe da rabin farko suna raye.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, na cikin ganuwa da na wajenta.